Filin Tambayi Makaniki: Yoyon Ruwa ta Sandar Farfelar Jirgi

Wasiƙun da suka taru mana wannan karon yawancinsu kan jiragen ruwa ne, kuma kusan duk wuri ɗaya suke kuka da shi: inda sandar farfela ke huda jikin jirgi ta fita cikin ruwa. Jirgin da injinsa ke zaune a ciki, ko da mai filafilai ne da iska ke turawa, yana da sandar ƙarfe da ta taso daga giyabos, ta bi ta wani bututu a gindin jirgin, ta fita waje inda aka ɗaura farfela. Bakin bututun nan a ƙarƙashin ruwa yake. Abin da ke hana ruwa biyo sandar ya shigo alhali tana juyawa shi ne sil. Mun zaɓi tambayoyi shida.

Daga wani makanikin janareta a Kakuri: Assalamu alaikum. Maigidana yana da jirgin ruwa mai filafilai a Legas, tsawonsa kamar mita 9, da ƙaramin injin dizal a ciki. Ya ce in je in duba masa, domin ruwa na zuba ta bayan giyabos, kuma yaran da ke kula da jirgin sun ɗaure notin har ya ƙure bai daina ba. A hoton da suka turo na ga wani abu na tagulla mai noti biyu a jikin baƙin tiyo. Inji na sani, wannan kam ban taɓa kwancewa ba. Ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka san shi, a wani wuri dai ka saba ganinsa. Gilan fakin ne, irin wanda ke jikin manyan famfunan ruwa na masana'antu a nan Kakuri. Akwati ne na tagulla da sandar ke ratsawa, an cusa igiyar fakin mai kusurwa huɗu zobe-zobe a cikinsa. Babban notin yana matse fakin ya rungumi sandar, siririn notin da ke bayansa kuma shi ke kulle babban kada ya warware. Idan babban noti ya ƙure ruwa bai tsaya ba, fakin ya mutu, ya bushe ya ƙandare, ƙara ɗauri ba abin da zai yi sai cin sandar.

Kada ka sayi fakin da ka. Awo biyu za ka yi da ma'aunin kaurin ƙarfe: kaurin sandar, da faɗin ramin da fakin ke zama. Cire na farko daga na biyu, ka raba biyu. Jirgi mai wannan girma yawanci sandarsa milimita 25 ce ko inci ɗaya. Idan ramin milimita 38 ne, bambancin 13, rabinsa 6.5, wato fakin na kwatan inci ke nan, milimita 6 da 'yan kai. Kowane zobe zai ci kusan santimita 10, zobe uku santimita 30, don haka ka sayi rabin mita saboda ɓarnar yanka. Idan fakin ya yi ƙanƙanta ba zai toshe ba komai ɗauri. Idan ya yi girma kuma, kada ka daddake shi da guduma don ya shiga, ka koma ka sayo daidai.

Iri uku za ka tarar: na zaren rama ta Turai da aka jiƙa da kitse, wanda aka jiƙa da Teflon, da baƙi mai girafayit. Biyun farko duk sun yi. Mai girafayit yana jure zafi kuma ba ya son yawan ɗiga, amma a ruwan gishiri girafayit yana sa tagulla ta riƙa zagwanyewa, saboda haka idan sandar ta tagulla ce a kauce masa.

Kayan aiki: manyan sifanu biyu masu buɗe baki sosai, sabuwar reza, ƙugiyar zaro fakin (idan babu, doguwar sukuru ta katako mai kaifin baki ta wadatar), burushin waya, tocilan, da guntun bututun roba mai tauri wanda aka tsaga gida biyu a tsaye domin tura zobba.

Ka riƙe babban notin da sifana ɗaya, ka sassauta na kullewa da ɗayar. Dole a riƙe, in ba haka ba duk ƙarfinka a kan tiyon da ya haɗa akwatin da bututun zai sauka ya murɗe shi. Idan koren tsatsa ya kama zaren, a goge da burushi a zuba man sassauta ƙarfe a ba shi lokaci. Kwance babban notin ka ja shi gaba ta wajen giyabos. A mafi yawan waɗannan akwatuna fakin a cikin notin yake zaune, wasu kuma a jikin akwatin. Zaro tsohon duka. A nan mutane ke yin ha'inci, su ciro zobe biyu su bar na can ƙurya domin ya manne. Haska tocilan, ka kankare har ka ga tagulla, amma bakin ƙugiyar ya riƙa kallon bangon noti, kada ya karci sandar.

Kafin ka sa sabo, shafa farcenka a inda fakin ke zama a jikin sandar. Idan santsi ne ko ɗan sheƙi kawai, madalla, a goge da samfefa mai laushi. Idan farce yana maƙalewa a kwari, sabon fakin ba zai daɗe ba. Dubi amsar tambaya ta huɗu.

Wajen yanka, naɗe fakin a jikin wani bututu mai kauri ɗaya da sandar, kada ya yi sako-sako kada kuma ka ja shi ya miƙe, ka yanka da reza a karkace, kusurwa 45, domin bakunan su hau juna. Zobe ɗaya-ɗaya ake sawa. Masu naɗa igiyar gaba ɗaya zagaye uku suna buɗe wa ruwa hanya ne kawai, zai bi naɗin ya fito. Sa zoben farko, tura shi ƙurya da tsagaggen bututun, ko ka ɗaura notin da hannu ya zaunar da shi sannan ka kwance. Na biyu mahaɗarsa ta kauce wa ta farko da sulusin zagaye, na uku ma haka. Idan bayan zobe uku zaren notin bai kama da kyau ba, aƙalla zagaye huɗu ko biyar, to akwatin na zobe biyu ne, cire ɗaya.

Ɗaura notin da hannu har ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan da sifana, ka kulle. Da giya a furi, sandar ta juyu da hannu ba tare da wahala ba.

Yanzu ga abin da za ka koya wa yaran nan, domin shi ne ya kashe tsohon fakin: wannan irin sil ɗin an yi shi ne ya ɗiga. Ruwan da ke ratsawa shi ke sanyaya fakin ya kuma ba shi santsi. A tayar da inji, a sa giya jirgin yana ɗaure ko yana tafiya a hankali, a ƙirga: ɗigo biyu zuwa uku a minti sanda na juyawa, idan ta tsaya kuma ya ɗauke ko ya koma jifa-jifa. Bayan minti goma sha biyar a fitar da giya, a kashe inji, a dafa akwatin. Ɗumi ba laifi, amma idan hannu ba ya iya zama a kai an matse da yawa, a sassauta. Idan ɗigon ya yi yawa a ƙara ɗauri da fuska ɗaya ta noti, wato kashi ɗaya cikin shida na zagaye, a sake gwadawa. Sabon fakin yana kwanciya a sa'o'in aikin farko, sai an sake waiwayarsa sau ɗaya ko biyu. Kada kowa ya kai hannu, ko hannun riga, kusa da sandar tana juyawa.

Daga wani ɗalibin injiniya a Tudun Wada: Dole ne sai an fitar da jirgi tudu kafin a yi wannan aikin? Na ji kuɗin ɗaga jirgi ya fi kuɗin gyaran.

Ya danganta da abin da za a canza. Fakin kaɗai ana iya canzawa jirgi na kan ruwa, domin sandar tana nan a cikin bututun, ruwan da zai shigo ta ɗan ratar da ke tsakaninsu ne, kuma famfon kwashe ruwa mai lafiya zai iya da shi. Sharaɗi shi ne a yanka zobban tukuna a jera su, a gwada famfon, batir ya cika, a sami mutum na biyu. Idan akwai mai iya nutso, ya cusa tsumma ko ledar da aka murɗe a bakin bututun daga waje, sannan a rubuta a wani wuri cewa an cusa, domin idan aka manta aka tashi da shi sil ɗin zai yi aiki ba ruwa ya ƙone. Daga ciki kuma ana naɗe bakin akwatin da tsinken tsohon tub na keke yayin da ake aikin notin. Wanda bai taɓa yi ba, shawararmu ya fara koyo a tudu.

Amma duk aikin da zai sa a cire tiyo, ko a zare sanda daga kofulin (faifan da ya haɗa ta da giyabos), na tudu ne, babu ciniki. Ramin milimita 25 da ke santimita 30 kacal a ƙarƙashin ruwa yana shigo da fiye da lita 40 a minti ɗaya, bututun kuma ya fi haka faɗi. Ƙananan famfunan jirgi ba sa fitar da abin da aka rubuta a kwalinsu idan ruwan zai hau sama ta dogon tiyo.

Daga wani Alhaji a Unguwar Rimi: Muna da jirgi mai filafilai da muke haɗin gwiwa da abokai. Mun gaji da kwasar ruwa, an ba mu shawarar mu sa sil na zamani wanda ba ya ɗiga. Mene ne bambancinsu, kuma yaya ake sa shi?

Ranka ya daɗe, iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai leɓen roba ne da ke rungumar sandar, dangin oyil sil na mota. Na kamfanin Volvo Penta misali ne da ake samu a ƙananan jirage. Na biyu mai fuska biyu ne, irin samfurin da ake kira PSS: roba mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙera tana ɗaure a bakin bututu, a ƙarshenta akwai faifan kabon da ba ya juyawa, sai zoben sitenles da aka ɗaure a jikin sanda yana juyawa yana gugar kabon ɗin. Matsin robar ne ke haɗa fuskokin biyu. Kafin oda, awo biyu ake bukata: kaurin sanda da kaurin bakin bututun daga waje. A yi hattara, milimita 25 da inci ɗaya ba ɗaya ba ne, inci ɗaya 25.4 ne, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa zoben ya ƙi shiga ko ya yi yoyo.

Sa sil ɗin kansa ba ya cin sa'a ɗaya. Wahalar tana wajen raba sanda da kofulin, wato faifan ƙarfen da ya haɗa ta da giyabos, domin ta wannan bakin ne tsohon zai fita sabon ya shiga.

Bayan an ɗora jirgi a tudu, a yi alama a faifan biyu da kuma inda sandar ta tsaya a cikin kofulin. A kwance kusoshin da suka haɗa faifan, yawanci huɗu ne, a tura sandar baya. A yanke wayar da ta kulle sukurorin gefe a cire su, a zuba man sassauta ƙarfe ya kwana. Idan akwai fula mai jan faifai, da ita za a yi. Idan wuri ya yi ƙunci, ga dabarar da aka saba: a sa soket wanda bai kai sandar kauri ba tsakanin bakin sandar da tsakiyar faifan giyabos, a mayar da faifan biyu da dogayen kusoshi masu ƙarfi, a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Soket ɗin zai riƙa tura sandar tana fita. Idan ta tsaya cak kuma ɗaurin ya yi tsanani, a dakata, domin faifan giyabos yana iya lanƙwashewa, kuma ya fi kofulin tsada nesa ba kusa ba. Gara a yanke kofulin a tsaye ta kan ramin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke hana kofulin juyawa a kan sanda, a sayi sabo. Guduma kuwa ba ta da aiki a nan, duk bugun a kan boris ɗin giyabos yake ƙarewa.

Da kofulin ya fita, a cire ki, a zare tsohon akwati da tiyonsa. Sai a bi bakin sandar da magagari mai laushi da samfefa lamba 400 zuwa 600, musamman gefen ramin ki da wuraren da sukurori suka ciza. Ƙaramar ƙaya ta ƙarfe a nan ita ce ke yanka zoben roba ko leɓen sil tun kafin ya taɓa ruwa. A liƙa salatif a kan ramin ki.

Ga mai fuska biyu: a fara zura robar da kabon ɗinta, a ɗaure ta a bakin bututu da kilif biyu, a tabbata kabon ɗin yana tsakiya ba ya jingine da sanda. Sai zoben sitenles, wanda ke da zobban roba biyu a cikinsa. Ruwan sabulun wanke-wanke ake shafawa ya zame, ban da giris, ban da man inji, domin mai yana lalata robar kuma idan ya taɓa fuskar kabon sai ta yi ta yoyo. A mayar da kofulin da ki a ɗaure komai tukuna, sandar ta koma mazauninta, sannan a yi saitin matsi. A turo zoben har ya taɓa kabon kawai, a yi alama a sanda, a ƙara tura shi ya matse robar. Ga sandar milimita 25, matsin milimita 20 ne. Sauran girma a bi jadawalin da ke cikin kwalin. Ramukan sukurori biyu ne, kowane rami sukuru biyu ake sawa, ɗaya a kan ɗaya: na ƙasa ya ciji sanda, na sama ya kulle shi. Bakinsu sau ɗaya yake cizo, idan aka kwance sai sababbi. Muna ba da shawarar a ƙara kwala ko kilif a jikin sanda a bayan zoben, domin idan ya zame gaba fuskokin za su rabu ruwa ya kwararo.

Akwai ɗan bakin tiyo a jikin kabon. Jirgin da ba ya wuce kilomita 22 a sa'a, kamar naku, tiyon fitar da iska ake sa masa: ya hau sama aƙalla santimita 60 bisa layin ruwa, kusa da tsakiyar jirgi domin mai filafilai yana karkata, kuma kada ya yi lanƙwasar da ruwa zai kwanta. Kada a toshe bakinsa, in an toshe iska za ta taru, fuskokin su bushe su yi zafi. Jirgi mai gudu fiye da haka ruwa ake jawo masa daga inji. Baƙin feshi kaɗan a sa'ar farko ba matsala ba ce, kabon ne ke zama. Kamfanin da ke yin PSS ya ce a canza robar duk shekara 6 ko da ba ta nuna komai ba.

Ga na Volvo: akwai 'yar rigar leda mai tauri da ke zuwa da shi, da ita ake zura shi don kare leɓen, sannan a cire ta a adana. Duk lokacin da aka mayar da jirgi ruwa sai an matse bakin robar da yatsu har iska ta fita ruwa ya tsarto. Ana sa masa giris mai jure ruwa kamar mililita ɗaya, wato ɗan kaɗan, sau ɗaya a shekara ko bayan sa'a 200, a canza shi bayan shekara 5 ko sa'a 500.

Kofulin da zai koma ya shiga da ɗan matsi. Idan ya zame da hannu yana rawa, ya gama aiki. Irinsa ne ke sakin sanda idan aka sa ribas, ta zame baya ta daki allon tuƙi ko ta fice ta bar rami. A dafa shi a tafasasshen ruwa ya ɗan buɗe kafin a sa, a ɗaure sukurorin a cikin ramukansu, a kulle da waya.

Daga wani mai gyaran famfo a Kawo: An sa sabon sil, bai yi wata biyu ba ya koma yoyo, kuma jirgin yana kakkarwa idan aka ƙara wuta. Jabu aka sayar mana?

Mai yiwuwa, amma kakkarwar nan ta nuna ba a nan gizo ke saƙar ba. Sil ba ya gyara sandar da ke rawa, sandar ce ke cinye shi. Abubuwa huɗu za a duba.

Saitin inji da sanda. A kwance kusoshin kofulin, a haɗa fuskokin faifan biyu da hannu, a zura filageji, wato siraran ƙarafan auna rata, sama, ƙasa, dama da hagu. Ga faifai mai faɗin milimita 100, bambancin kada ya wuce milimita 0.1. A juya sandar rabin zagaye a sake aunawa: idan ratar ta tsaya inda take, inji ne ya karkace, a gyara da notocin ƙafafunsa, idan ta bi juyin, faifan ne ko sandar ta lanƙwashe. Wannan awon a kan ruwa ake yin na ƙarshe, bayan jirgi ya kwana ɗaya ko biyu kuma an ɗaure wayoyin da ke riƙe da sandar filafilai, domin jikin jirgi yana ɗan sauya siffa tsakanin tudu da ruwa.

Ƙafafun inji. Robarsu tana lotsawa da shekaru, dizal da man inji kuma suna narkar da ita. Inji ya zauna ƙasa, sanda ta kwanta a gefe ɗaya na sil. Idan ɗaya ta mutu a canza duka huɗun.

Bush ɗin waje, mai roba tsaga-tsaga a ciki, wanda ke riƙe sanda dab da farfela. A tudu a kama farfela a girgiza sama da ƙasa. Idan ana jin ƙwas-ƙwas ko ana ganin motsi da ido, ya cinye. Idan an riga an cire kofulin, lokacin canza bush ɗin ke nan.

Sandar kanta. Kwarin da tsohon fakin ya ci, ko ƙananan ramuka masu kama da cin gara. Sitenles yana yin wannan idan ya daɗe a ruwan da ba ya motsi, a ƙarƙashin fakin inda iska ba ta kaiwa, shi ya sa jirgin da aka ajiye watanni ba a tayar ba ya fi kamuwa. Idan lahanin kaɗan ne, a sauya tsawon tiyo da santimita 2 ko 3 domin fakin ya zauna a lafiyayyen wuri. Mai fuska biyu ya fi haƙuri da tsohuwar sanda tunda ba ya gugarta, muddin zobban robarsa sun sami wuri mai santsi. Mai leɓe kuwa ba ya yafe ko ƙaramin karce. Masu injin gyaran ƙarfe a Panteka za su iya ɗora sandar su gaya maka ko ta lanƙwashe, su kuma daidaita fuskar kofulin a kanta. Cike kwari da walda a sanda siririya ba ma ba da shawararsa, zafi yana karkatar da ita.

A duba farfelar ma. Kunne ɗaya da ya lanƙwashe ko igiyar da ta naɗe ta isa ta kawo duk wannan.

Daga wani mai shirin jigila a tafkin Shiroro: Jirgin da zan saya mai inji a ciki ne. Wane sil ya dace da ruwanmu?

Malam, mu dai gilan fakin za mu zaɓa. Shiroro a kan kogin Kaduna aka gina shi, kuma duk wanda ya tsaya a kan gadar kogin nan a watan Agusta ya ga launin ruwan. Laka da yashi ke tafe a ciki. Yashi yana shiga ƙarƙashin leɓen roba ya riƙa yanka sanda, yana kuma shiga tsakanin kabon da zobensa ya buɗe su. Na biyun ana iya wanke shi ta hanyar ja da robar baya ruwa ya wuce, ko a zura samfefa lamba 600 da aka ninka tsakanin fuskokin a zagaya, amma idan robar ta tsage ruwa da yawa ne zai shigo lokaci ɗaya, kuma kayan gyaran sai an yi oda daga waje. Fakin shi ma yashi na cinsa, sai dai a hankali yake lalacewa, ɗigo yana ƙaruwa yana ba ka labari, kuma masu sayar da kayan famfo a Kaduna suna da shi. Rabin mita da sifanu biyu a akwatin jirgi sun isa a gyara a bakin tafki. Idan akwatin mai kofin giris ne, a murɗa shi kaɗan bayan kowace tafiya da giris mai jure ruwa.

Idan ruwa ya ja da rani jirgi ya zauna a taɓo, a wanke bush ɗin waje kafin a tayar, domin ta tsagoginsa ruwa ke shiga. Ƙarfen hadaya da ake ɗaurawa a sanda don ya ci tsatsa a madadinta kuma, na ruwan daɗi magniziyam ne. Zinki na teku ne, a tafki farin ɓawo yake yi ya daina aiki.

Tiyon akwatin kada a yi masa araha. Ba tiyon lagireto ba ne, ba na salansa ba. Na musamman ne mai kauri da zare hawa-hawa, domin shi ke ɗaukar murɗar sanda idan fakin ya kama. Kilif biyu kowane gefe, na sitenles lamba 316 har da sukurunsa, kawunansu suna kallon ɓangarori daban. A riƙa duba ƙasansu da madubi, ta nan suke ruɓewa.

Daga wani mai kwalekwale a Igabi: Namu injin na ratayawa ne a baya. Da na buɗe man giya sai na ga ya koma fari kamar madara. Shi ma sil ne?

Shi ne, ruwa ya gauraya da mai. Sau da yawa zaren kamun kifi ko na koma ne ke naɗewa a bayan farfela, zafi ya narkar da shi ya kutsa cikin sil ya yanka leɓen. Cire filogi ko wayarsu tukuna don kada inji ya tashi, sa guntun katako tsakanin kunnen farfela da farantin da ke samanta, zare fin ɗin kulle, kwance noti, cire farfela da wosha ɗin bayanta, ka lura da yadda aka jera su. Juya sandar da hannu kana kallon bakinta. Idan yana rawa ta lanƙwashe, sabon sil ba zai tsaya ba.

Kafin ka ɗora laifi a nan, ka sani ruwa na da wasu ƙofofin: sil ɗin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, na sandar canza giya, da 'yan woshoshin sukurorin mai, waɗanda mutane ke maimaitawa har su tsage. Bayan an juye mai, a hura iska kaɗan da famfon keke mai ma'auni ta ramin sukuru, a shafa ruwan sabulu a ga inda kumfa ke fita. Iskar mai faci ta yi ƙarfi, za ta fitar da lafiyayyen sil ma daga mazauninsa.

Sil ɗin farfela yawanci biyu ne a cikin gidan boris da ake zarowa da fula. Ɗauki hotonsu kafin ka cire, domin fuskar da suke kallo ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A tura sababbin da soket mai faɗinsu, a miƙe, a cika tsakaninsu da giris mai jure ruwa, a canza babban zoben robar gidan. Man giya lamba 90 ake zubawa, ta ramin ƙasa ake tura shi har ya fito ta na sama. A ɗaure sukurun sama tukuna, sannan a zare bakin gorar a ɗaure na ƙasa da sauri, kowanne da sabuwar wosha. Bayan tafiya biyu ko uku a sassauta na ƙasa a ga launin ɗigon farko. Idan man da ka juye yana da ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, ba laushin toka kawai ba, haƙoran giya ko boris sun riga sun taɓu, sai a buɗe gidan duka.